Uwar Kunama a Bayan Gilashi

Talata, 4 ga Afrilu, 1978

An ɗauki Rauda aiki! Ko bismillah ban rubuta ba na fara da wannan. To, bismillah, kuma alhamdu lillahi. Takardar ta iso da hantsi a motar da ke zuwa daga birnin Kaf. Ɗana Lazhar ya miƙo mini ita a rufe, don ya san ba zan yarda wani ya karanta mini ba. Sau uku na karanta: na farko da yatsa, na biyu da baki, na uku a ƙofar gida don maƙwabta su ji. Jikata, 'yar ɗana Lazhar, ita za ta riƙe sabon ɗakin tarihin da aka gina a bakin kufan Rumawa, ƙasa kaɗan da gonar zaitun ɗina. Mutum goma sha ɗaya suka nema, tara maza.

Shekara ashirin da biyu na yi ina tura baro a kufan nan, ina kwashe wa masu tono ƙasa. Ba wanda ya taɓa tambayar sunana sai in baro ya ɓace. Yau makullin wurin zai shiga hannun jinina.

Na sa jar hulata ta Juma'a na tafi gidan gahawa. Abokin musuna Tuhami yana nan a kujerarsa, kamar kullum tun muna samari. Ya ce, "Wai Si Muldi, kai aka ɗauka ne ko yarinyar?" Na ce da ni da ita, ita ta riƙe makulli, ni na riƙe baki. Ya ce ai wannan aikin na daɗe ina yinsa ba tare da takarda ba.

Bari ya yi ta faɗa. Jikokinsa bakwai, ba wanda ya taɓa samun wasiƙa mai hatimi.

Laraba, 5 ga Afrilu

Na sake karantawa. Har yanzu an ɗauke ta.

Juma'a, 14 ga Afrilu

Rauda ta iso daga Tunis. Matata Shalbiya ta yi kuskus da naman rago, ta ce jami'a ta cinye mata jika, saura ƙashi da tabarau.

Bayan mun ci ta zauna kusa da ni, ta fara da "Jaddi", wato kakana, a hankali, irin yadda take yi tun tana ƙarama in tana son wani abu. Ashe aikin na gwaji ne. Ranar 6 ga Yuli babbanta na wurin aiki zai zo buɗe ɗakin. A wurin ganawa ta gaya musu cewa mutanen garinmu Hanshir Dafla suna da ƙwandalolin azurfa na Rumawa da za su cika akwatin gilashi guda, kuma ita za ta iya fito da su, tunda 'yar gari ce. A kan wannan maganar aka zaɓe ta. In ya zo ya tarar da akwati wayam, za a bar duwatsu kawai da mai gadi, ita kuma a mayar da ita Tunis ta riƙa jera kwalaye a sito.

Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Wace gona ce a nan garma ba ta tono ƙwandala bayan ruwan farko? Kowace mace tana da biyu ko uku a ɗaure a tsumma.

Ta ce, "Shi ya sa. Suna tsoron hukuma za ta ƙwace, ta kuma tambaye su sauran. Ba wanda zai fara sai ka fara. Jaddi, Uwar Kunama nake so."

Na yi dariya har na ƙware.

Ƙwandala ce, ubana ya tono ta shekarar da aka haife ni. Ba ta fi farcen babban yatsana ba. Gefe guda kan wani mai gemu, ɗaya gefen mace a kishingiɗe, wani abu kamar maciji ya miƙe a goshinta, tana riƙe da kunama kamar mai riƙe da fure. Duk wanda kunama ta harba daga nan har bayan dutse, ƙofata ake bugawa. In kankari bakinta sau uku da wuƙar ubana a cikin kofin ruwa, mutum ya sha, in ɗaura masa ita a kan harbin. Sun haura ɗari biyu a hannuna ni kaɗai. Wannan take so in sa a gilashi, ga zafi yana tahowa, ga girbi.

Na ce wa Rauda ta roƙi wani abu daban. Gonar zaitun ma. Ba ta yi musu ba, ta dai ce in ara mata ita ta duba.

Asabar, 15 ga Afrilu

Shalbiya tana cuɗa gurasa, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce, "Kai fa ba mutane kake tausayi ba. Bugun ƙofar kake so." Na ce shekara arba'in da shida muna tare, har yau ba ta san ni ba. Ta ce da ba ta san ni ba da ta fi samun barci.

Ba gaskiya ba ne. Ko da akwai ɗan... ba gaskiya ba ne dai.

Alhamis, 20 ga Afrilu

Yau babbar rana. Sauri nake, rubutun zai karkace, malamina Si Munsif ya yafe mini a inda yake.

Rauda ta kawo gilashin ƙara girma, ta shimfiɗa farin ƙyalle a tsakar gida inda rana take, ta ɗora Uwar Kunama. Ta ce, "Ba zan gaya maka komai ba. Kai ka karanta." Na ce me zan karanta, ai zane ne. Ta nuna mini bakin, saman kan matar.

Shekara sittin da takwas abin nan yana gidanmu. Na ɗauka ado ne, irin tsagar da ake yi wa bakin tukunya. Ashe haruffa ne, irin na Faransanci da Si Munsif ya koya mana a shekara ta biyu ta ajin yamma, lokacin da muke zama a bencin yara gwiwoyinmu suna taɓa haɓa, Tuhami yana leƙe ta taga yana cewa tsofaffi sun koma nono. Ina da hamsin da shida a lokacin.

Na sa yatsa. A. F. R. I. Sai rabin wani harafi, sai ba komai.

Na ce, "Afri..." Ta ce in ƙarasa. Na ce, "Ifrikiya?" Ta gyaɗa kai.

Matar nan ba aljana ba ce, kamar yadda uwata ta ce. Ƙasar nan ce, tamu, wadda nake nomawa. Abin da ke goshinta hannun giwa ne, ta yafa fatar kan giwa kamar mayafi. Kwandon da ke ƙafarta alkama ce, alkamarmu da ake kai wa Rum a jirgin ruwa. Mai gemun sarkinsu ne, Hadriyan. Wai ya zo nan da ƙafarsa, an ce shekara biyar ba a ga ruwa ba, yana sauka aka kece da shi. Na ce to lalle ya cancanci gemunsa.

Na tambaye ta ina sauran haruffan. Ta ce, "Mun shanye su, Jaddi." Ta juya ta nuna mini sunan sarkin, saura haruffa huɗu kacal. Wuƙar ubana da tawa. Ta ce in aka ƙara bazara biyu ko uku, ba wanda zai sake sanin ko wace ce.

Na yi mata alkawari ɗaya: ba zan sake kankara ba. Bayarwa kuwa ban ce ba.

Na fita har bakin hanya na tare masu dawowa daga gona. Mutum shida na sa suka leƙa gilashin. Ni na karanta, da idona, ba wanda ya raɗa mini.

Lahadi, 30 ga Afrilu

Kwana goma ina bin gidaje da gilashi a aljihu. Rauda ta ce in an gan ta da littafi da alƙalami ana rufe akwati, ni kuwa ana kawo mini shayi. Sai in duba, in kwafi haruffan a tafin hannuna, in kai mata.

Abin da ke ɗaure a tsummokaran garin nan. Matar Ammar tana da mai raƙumi. Akwai mai shanu biyu a karkiya, kamar jiya aka zana su a gonar Lazhar. Akwai mace a kan zaki tana tsallake ruwan da ke ɓulɓulowa daga dutse, Rauda ta ce sarkin da ya buga ta ɗan ƙasar Libiya ne, maƙwabcinmu. Wasu an huda su an jera a sarƙar aure.

Halti Gamra ungozoma, wadda ta karɓi haihuwar rabin garin nan har da Rauda, ta fito da tata daga ƙirji. Sarauniya ce mai ɗaurin gashi a ƙeya, a baya jarirai biyu zaune a kan gado. Tana sa ta ƙarƙashin matashin mai naƙuda. Na ce mata sunanta Faustina, tagwaye ta haifa, shi ya sa aka buga. Ta ce, "Ai na san tagwaye ne, Si Muldi, ido gare ni. Sunan ne dai ban sani ba, ita ma ba ta san nawa ba, kuma shekara talatin muna aiki tare."

Na ce ko za ta ba Rauda. Ta mayar da ita ƙirji ta ce, "Taka tana ina?"

Kowane gida haka. Taka tana ina.

Talata, 9 ga Mayu

Allah ya ba ni Tuhami a tafin hannu.

Yana da wata da ya rataye da waya a ƙofar garken tumakinsa tun zamanin ubansa. Tunkiya ce da 'ya'yanta uku, in ji shi, ita ke sa tumakinsa haihuwar biyu-biyu. Da ƙyar ya bari na kai wa Rauda ta yini ɗaya. Ta duba, ta cije leɓe, ta miƙo mini gilashi ta ce in kalli hancin, in kalli wutsiyar.

Alade ce. Uwar aladu da 'ya'yanta, ta wani sarki mai wuya kamar na bijimi, Fasbasiyan ko wa. Mutumin da ya je Makka, wanda ba ya shiga kantin Baturen Malta a Kaf don ya ji an ce ana sayar da abin a can, shekara hamsin yana shafa ta kowace safiya.

Rauda ta ce, "Don Allah Jaddi kada ka gaya masa a gaban mutane." Na ce ba zan gaya masa ba sam. Yanzu dai. Na mayar masa na ce tunkiya ce mai kyau.

Yau ko abincin rana ban iya ci ba don dariya.

Litinin, 22 ga Mayu

Akwatin gilashi ya iso a babbar mota, an shimfiɗa masa koren ƙyalle mai gurbi arba'in. A ciki akwai biyu, waɗanda Rauda ta tsinta da kanta tana yarinya. Na same ta tana goge gilashin da ba shi da datti. Ko ambaton Uwar Kunama ba ta yi ba. Da ta yi magana da ya fi mini sauƙi.

Litinin, 12 ga Yuni

Zan rubuta wannan yadda ya faru, tunda ba mai karantawa sai ni.

Ana girbin alkama a gonar Tuhami. Wajen azahar ya ɗaga dami, kunama ta same shi a tsakanin yatsu. 'Ya'yansa biyu suka kawo shi a kan alfadari, gumi yana zuba, hannun ya fara tashi. Tun daga ƙofa yake cewa, "Muldi, fito da matar nan, yau na shiga hannunka."

Na zaunar da shi, na ɗaura masa ita a kan harbin. Na aika a nemo Lazhar da motar ƙungiyar manoma don a kai shi ɗakin shan magani, akwai allura a can yanzu, aka ce ya tafi Kaf kai hatsi. Tuhami ya ce shi ba allura ya zo nema ba, ina ruwan? Na ce bari a ɗan jira. Ya ce, "Jira me? Sai na mutu ka gaji kujerata? Kankaro mini, ɗan'uwa, wallahi har hammata nake ji."

Bai taɓa kirana ɗan'uwa ba. Na kwance ta daga hannunsa na shiga ɗaki da kofi da wuƙa. Na ɗora wuƙar a bakinta. Inda ya rage a kankara, daidai kan harafin farko ne.

Na tsaya. A waje yana nishi. Munduwar Shalbiya tana kan taga, ta cire don tana kwaɓa. Azurfa ce ita ma. Na kankare ta sau uku a cikin kofin, na yi bismillah kamar kullum, na fito na ba shi. Ya shanye, na sake ɗaura masa.

Daga nan har la'asar ban zauna ba. In mutumin nan ya mutu, ni na kashe shi, a kan harafi ɗaya. Na yi ta leƙa hanya. Na yi wa Allah alkawura da ban san yadda zan cika su ba.

Da Lazhar ya iso, Tuhami yana minshari a kan tabarmata. Ya farka ya nemi shayi, ya ɗaga hannu yana juya yatsu, ya ce wa 'ya'yansa, "Kun gani? Tun a maƙogwaro na ji ta kama aiki. Wannan suke so a kulle a gilashi." Duk da haka na sa Lazhar ya kai shi aka duba.

Ya warke. Alhamdu lillahi ya warke. Harafin yana nan.

Talata, 13 ga Yuni

Ɗari biyu da wani abu. To su wa ta warkar?

Uku ba su tashi ba, a tsawon shekarun nan. Mun ce kwanansu ne ya ƙare. Ɗaya ɗana Ayyashi ne, ƙanen Lazhar, shekararsa huɗu. Na kankara masa sau tara a ranar. A lokacin ba allura ko a Kaf, wannan gaskiya ne, na tambaya daga baya, ba sau ɗaya ba.

Ba zan ƙara rubutu yau ba.

Juma'a, 16 ga Yuni

Shalbiya ta ga tabon a munduwarta tun ranar. Ta tambaye ni, na gaya mata, na ce ta rufa mini asiri. Ta rufa har kwana biyu, wanda a wurinta dogon zamani ne. Jiya a bakin tanderu ta gaya wa Halti Gamra, wai don ta nuna mata tabon.

Bayan sallar Juma'a na shiga gidan gahawa, kowa ya juyo yana kallona. Tuhami ya ɗaure hannu da ƙyalle har gwiwa, hannun da ya yi kwana uku yana riƙe lauje da shi. Wai ciwon ya dawo tun da ya ji.

Ya ce, "Shekara sittin muna tare, ka shayar da ni munduwar matarka."

Na ce, "Ka ce tun a maƙogwaro ka ji ta kama aiki."

Ya ce, "Mutuwa ce na ji tana wucewa, jahili."

Mai gahawa ya ce a kawo masa Shalbiya ya ɗauke ta aiki, ta riƙa tsoma hannu a butar shayi. Wani ya ce matarsa tana da 'yan kunne, ko suna maganin ciwon baya. Aka yi ta dariya, da ni ake yi da shi ake yi. Tuhami ya miƙe ya ce shi dai tunkiyarsa ba ta taɓa yaudararsa ba, kuma ba mai ganin ta a gilashi.

Na yi wa Rauda alkawari, na sani. Amma ai cewa ta yi kada in gaya masa a gaban mutane. Na ja shi waje bayan bishiyar tut, na ba shi gilashi na ce ya je gida ya kalli hancin tunkiyarsa da wutsiyarta, ya dawo mu yi magana.

Bai dawo ba. Kafin la'asar an gan shi ya nufi kufai, yana riƙe da abu da filaya, nesa da jikinsa. Rauda ta ce ya ajiye mata a kan tebur ya ce, "'Yata, kyauta ce don ci gaban ilimi. Kada ki rubuta sunana." Ya nemi ruwa ya wanke hannu, duka biyun, har da mai ciwon.

Ya riga ni. Tuhami ya riga ni bayarwa. Wannan ba zan iya haɗiyewa ba.

Asabar, 17 ga Yuni

Da sassafe na kai ta. Ban bi ta bayan gari ba, ta tsakiyar kasuwa na bi, da jar hula, ina riƙe da ita a tafin hannu a buɗe, duk wanda ya tambaya in ce Ifrikiya zan kai gidanta.

Rauda ta karɓa da hannu biyu. Na ce da sharaɗi: a ƙarƙashin kowace, bayan sunan sarki, a rubuta sunan wanda garmarsa ta tono da gonar da aka tono. Sarakunan nan sun sami shekara dubu da ɗari takwas ana kallon fuskarsu, ya isa haka su kaɗai. Ta ce za ta nemi izini, kuma ta riga ta samo takardar da ta ce ba za a tuhumi kowa ba. Ta ce, "Amma na Larabcin kai za ka rubuta, hannunka ya fi nawa karantuwa."

Ta sa ta a gurbin tsakiya. Aljihun rigata ya yi wani iri a hanyar dawowa.

Talata, 27 ga Yuni

Suna ta zuwa. Da aka ji za a rubuta suna, matar Ammar ta kawo mai raƙumi, abokiyar gabarta ta wajen rijiya, wato maƙwabciyarta Zina da ba sa ga-maciji, ta kawo biyu don kada a fi ta.

Sai dai an yi ɓarna. Matan garin nan ba sa kai wa mutum abu da datti. Uku daga cikinsu sun kwana suna dirzar nasu da toka da lemun tsami, suka kawo su suna ƙyalli kamar cokalin amarya, hancin sarki ɗaya ya tafi gaba ɗaya. Rauda ta yi godiya, ta shiga bayan ɗaki ta daɗe. Na hau alfadari na zaga gari ina cewa a kawo su da dattinsu, dattin ma na tarihi ne. Shalbiya ta ce shekara arba'in da shida take jiran ranar da zan yi wa datti shela.

Halti Gamra ta kawo Faustina, amma aro. Ta ce in naƙuda ta yi gardama za ta zo ta karɓa, ko Rauda tana barci. Na buɗe baki zan yi mata bayani, sai na rufe. Rauda ta rubuta mata takardar aro.

Ina rubuta katuna, shida a yini. Na ɓata goma sha ɗaya. Na ubana na rubuta shi sau huɗu kafin ya yi: Sagayyar bin Ali, gonar ƙasan zaitun, 1910. Shi da bai taɓa ganin sunansa a rubuce ba.

Alhamis, 6 ga Yuli

Talatin da huɗu. Gurbi shida kawai suka rage, Rauda ta jera su yadda ba za a lura ba.

Babban nata ya iso da hantsi, dogo, mai farar riga, ya yi ta share wuya da hankici. Ya wuce duwatsu da sauri. Da ya zo kan akwati ya tsaya, ya canza tabarau. Ya daɗe a kan mai zaki. Ya karanta katunan ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi wa ya kawo shawarar sunayen manoma. Rauda ta nuna ni. Ni kuwa dama ina tsaye inda ba sai an nema ba.

Ya nuna ta tsakiya ya ce, "Wannan me ya ci bakinta haka?" Na ce mu ne, ranka ya daɗe, garin nan kaf, shekara sittin da takwas. Na ba shi labarin tun daga ubana har munduwa. Rauda tana ta yi mini ido in taƙaita. Ya yi dariya har ya dafa bango, sannan ya ce a rubuta wannan ma a kati, yadda na faɗa, don a Tunis suna da irinta guda biyar lafiyayyu, amma ba su da wadda aka sha.

Ya sa hannu a takardarta a kan gilashin, a gabana. An tabbatar da ita. Ba sito, ba kwalaye.

Shalbiya ta rangaɗa guɗa, matan da ke waje suka amsa. Tuhami ya zo a makare ya tsaya daga ƙofa. Katinsa yana cewa kyautar wani bawan Allah. Kowa ya karanta sai ya waiwaya ya kalle shi, waɗanda ba su iya karatu ba ma suna waiwayawa. Ya ce mini, "Hancin nan ai ko kai da ka ce tunkiya ce." Na ce haka ne. Yau ba ranar musu ba ce.

Asabar, 8 ga Yuli

Ɗazu da rana aka buga ƙofa, irin bugun da na sani. Surukar Ammar ce, kunama ta same ta a ƙafa wajen sussuka. Kafin mijinta ya gama magana na sa takalmi ina ƙwala wa Lazhar kira ya tada mota. An yi mata allura, ta dawo tana cin gurasa a bayan mota. Mijin ya ce ko a biya ta ɗakin tarihi ta ɗan taɓa gilashin. Na ce rana ta yi, a kai ta gida ta huta.

Sai da muka sauka na lura tun fitarmu hannuna bai je aljihu ba. Gaggawa ce kawai, ina jin.

Ƙofar dai an buga ta. A gaya wa Shalbiya.

Gobe kasuwa, mutanen bayan dutse za su sauko. Zan tsaya a bakin hanya tun safe, Rauda ta ce kada in ja kowa da hannu, to da baki zan ja. Jama'ar Hanshir Dafla da na bayan dutse, wanda ya taɓa shan ruwan kofina da wanda bai sha ba, ƙofa a buɗe take daga takwas har azahar. Ku zo da matanku da tsofaffinku. Mai makullin jikata ce, rubutun katin nawa ne, wanda bai iya karatu ba ni zan karanta masa sunan ubansa. Ku zo ku ga abin da kuka sha.